Amak da Farantin da Ba a Taɓa Ba

Batam

Zuwa ga yayata, Uni Rosmaniar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Uda Syafrudin da 'yarmu Rahmi. Allah ya sassauta muku zafin Kuwait, ya ƙara miki ƙarfin ƙafa a kan jinyar da kike yi wa bayinsa. Mu nan lafiya lau muke, alhamdulillahi. Matata Yusnidar tana nan da hidimarta. Maharani ta zana jarrabawar ƙarshe tana jiran sakamako, 'yan biyu kuwa, Zahwa da Zikra, sun yi baki har sun fara gyara mini magana. Gidajen abincina uku suna tafiya yadda ake so, na kusa da tashar jirgin ruwa ma sai da na ƙara masa tebura. Ba cika baki nake yi ba, amma yaron nan da ya bar gida da takardar sakandare da riga biyu ya tafi wankin faranti a tashar motar Pekanbaru, yau iyalai da dama ne ke ci a ƙarƙashinsa, kuma ke shaida ce.

Kin san rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na zauna na ɗauki biro shi ne, a waya ba kya barina in kai ƙarshen zance. Da na ambaci mahaifiyarmu sai kuka, daga nan sai faɗa, sai ki ce lokacin shiga aiki ya yi. A maganarmu ta ƙarshe kin ce muddin Amak ba ta koma cin abinci ba, za ki ajiye aiki a ƙarshen wata ki dawo Payakumbuh ki zauna da ita, tunda ke ce 'ya mace, kuma a al'adarmu mace ke gadon gida, gidan naki ne, nauyin ma naki ne. Ban musa miki ba. Sai dai Rahmi ta kusa gama karatun haɗa magunguna, kuma aikin nan naki ne ke riƙe da ita. Don haka ina roƙonki, kada ki sanar da shugabarku komai sai kin karanta wannan har ƙarshe. In kin gama, ki yanke abin da kika ga ya dace.

Tsoronki yana da dalili, ba zan ɓoye miki ba. Da na je ƙauye ɗauko ta, na tarar da abin ya fi yadda ƙanwarta Etek Nurbaiti take gaya mana. Tun rasuwar mahaifinmu Abak, Allah ya jiƙansa, ba ta ƙara ɗora tukunyar kirki ba. Loma biyu ko uku ta shinkafa, ta kora da ruwan zafi, ta ce ta ƙoshi. Da na riƙe hannunta zan saka ta a mota, sai na ji kamar na riƙe icen girki. A nan na yanke shawara. Hutun makaranta ya zo, sai na kama mana ɗakuna a wani babban otal na bakin teku a tsibirin Bintan, irin wanda ake biya gaba ɗaya tun kafin a je, kwana da ci da sha da wasannin yara duk a ciki. Na ce a raina, wurin da abinci ke shimfiɗe tun hantsi har bayan isha'i, kifi da nama da kayan marmari ko'ina ka juya, ba ɗan Adam ɗin da zai yi ta kallo bai miƙa hannu ba. Na ɗauki iyalina duka, na haɗa da Afdal ƙanen Yusnidar, wanda kin san shi, ko dutse ya gan shi yana ci sai ya ji yunwa.

Tun daga ƙofa aka fara. Suna ɗaura wa kowane baƙo wata munduwar roba a hannu don a san ya biya. Yarinyar da ke tarbar baƙi ta zo za ta ɗaura wa Amak, sai ta ɓoye hannu cikin mayafi, ta ce ita ba saniyar layya ba ce da za a yi mata lamba. Sai da Maharani ta lallashe ta, ta ce ai ta yi mata kyau, kalar ta dace da zaninta, sannan ta yarda, tana hararata. Ni kuwa na yi dariya, ban san hararar tana da ci gaba ba.

Ban taɓa ganin yadda mutane ke kashe wuni irin na wurin nan ba, Uni. Da an karya kumallo, iyaye sai su kai yaransu wani ɗaki mai ma'aikata sanye da riguna masu launi, su miƙa su kamar an ba da ajiya, su tafi su miƙe a kujerun bakin ruwa. Turawa su shafe jiki da mai su kwanta a rana har su yi ja. Amak ta dube su ta ce, Allah mai iko, mu muna shanya kifi, waɗannan sun biya kuɗi sun zo shanya kansu. Mutanen Singapore kuwa da allo a hannu suke yawo, ƙarfe kaza motsa jiki cikin ruwa, ƙarfe kaza harbin kibiya, ƙarfe kaza koyon ninka tawul ya zama agwagwa, sun fi ma'aikatan wurin shan wahala. Namu ma ba a bar su a baya ba. Yusnidar, wadda a gida in ta hau bene sai ta yi ƙorafin gwiwa, ta shiga sahun matan da ke tsalle cikin tafkin wanka ana buga musu kiɗa, da hijabinta na iyo da komai. 'Yan biyu tun safe suna ruwa har yatsunsu su yamutse. Maharani ta zagaye otal ɗin kaf tana ɗaukar kanta hoto, teku dai ta gan shi ne ta cikin waya. Ni na hau wani abu mai kama da ayaba da kwalekwale mai inji ke ja, aka kifar da mu da gangan, na sha ruwan gishiri, na fito na ce wannan wasan na marasa iyali ne. Shi kuwa Afdal bai san inda tekun yake ba. Yana tashi daga karin kumallo sai ya tsaya bakin ƙofa yana jiran a buɗe na rana. Ya ce mini, Uda, wato yaya, kai ka yi naka ka biya, ni kuma bar ni in yi nawa, ba zan bari a cuce ka ba.

Kowa yana cikin nishaɗi, ban da wadda aka yi tafiyar dominta. A ranar farko a zauren cin abinci na cika tebur da kaina, gasasshen kifi, jatan lande, kaza, naman rago, na jera a gabanta. Ta sa bayan hannu ta ture su gefe ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebi 'yar shinkafa, ta tsiyaya romo daga gefen farantin kaza ba tare da cokalin ya taɓa naman ba. Nan take na gane. Kin fi ni sanin tsarin gidan abinci irin namu na mutanen Padang: a jere wa baƙo faranti iri-iri, wanda ya taɓa shi zai biya, wanda bai taɓa ba a mayar da shi tagar da ake jera abinci a ba na gaba, romo kuwa kyauta ne. Haka ta yi renonmu, duk ranar da Abak ya kai mu kasuwa ta riƙa maƙe mana hannu a ƙarƙashin tebur. To ita a wurinta otal ɗin nan babban gidan abincin Padang ne kawai, mai yawan fitilu. Har ta raɗa wa 'yan biyu cewa su ci romo, kada su taɓa tsoka, ubansu da gumi ya samu. Yaran suka bi umarni a gabanta, suna fita Afdal ya ja su wurin askirim.

Ba irin bayanin da ban yi ba. Na ce Amak, an riga an biya, ko ki ci ko kada ki ci duk ɗaya ne. Ta ce kai Zal, ka yi shekaru kana sayar da abinci amma har yanzu ana iya ruɗarka, wane mahaukaci ne zai baje tukwane haka ba mai lura da faranti? Ta nuna mini ma'aikatan da ke tsaye jikin bango, ta ce waɗancan da kake gani ba ado suke yi ba, ƙirge suke yi, wannan robar da aka ɗaura mana kuma da ita za a gane wanda ya ci me. Na kira manajan zauren, ya zo da kwat ɗinsa ya durƙusa ya rantse mata. Ta yi masa murmushi ta sa masa albarka, yana juya baya ta ce yaron yana da ladabi, amma ai ba zai faɗi gaskiya a gaban maigidansa ba. Yusnidar ta gwada nata, Maharani ta nuna mata rubutu a waya. A banza. Har farantin da na zubo mata ta ɗauka da hannu biyu za ta mayar cikin tukunya, sai da ma'aikaci ya tare ta.

Washegari da safe abin ya daina ba ni dariya. Mun fita taka yashi ni da ita, ba mu yi nisa ba ta ce ƙasa tana juya mata, ta zauna, ta kasa tashi. Na ɗauke ta cak, Uni, ni kaɗai, kamar na ɗauki Zahwa. Ma'aikaciyar jinyar otal ɗin ta auna ta, ta ce ba wata cuta ba ce, jiki ne ba abin da zai riƙe shi, kuma in aka ci gaba haka sai an kwantar da ita a asibiti. Bayan ta ɗan farfaɗo muna zaune a baranda, na ce mata Amak, don Allah me na yi miki da ba za ki ci abin da ɗanki ya nema da halalinsa ba? Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce ba abin da na yi, ita dai ta ga abinci mai kyau na masu aiki ne da yara masu tasowa. Ta ce da tana dafa wa Abak, in ya ci sai ta ci abin da ya rage don kada ya lalace. Yanzu ba wanda take dafa wa, ba abin da ke ragewa, to a kan me za a ɓata kifi a cikin tsohuwar da ta gama nata?

Na koma ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Amma kin san ni, Allah bai ba ni ilmin littafi mai zurfi ba, ya ba ni sanin kicin da sanin mutane. Maganarta ta yi ta yawo a kaina, don kada ya lalace. Ashe tun muna yara Amak ba ta taɓa cin abu don tana sha'awarsa ba, tana ci ne don ta cece shi daga bola. Ni kuma na san abin da ita ba ta sani ba. Irin waɗannan manyan otal ba sa mayar da faranti taga. Duk abin da aka fitar ya daɗe a waje, an taɓa ko ba a taɓa ba, dokar lafiya ta ce a zubar. Na je na sami babban kukun wurin, Pak Sutikno, wani dattijo mutumin Jawa, na gabatar da kaina a matsayin ɗan sana'a, muka ɗan taɓa hira a kan naman rendang ɗinsu mai madarar kwakwa, wanda gaskiya bai kai rabin nawa ba, amma ban faɗa masa ba. Na gaya masa halin da nake ciki, na roƙe shi alfarma ɗaya. Yusnidar ta ce kada in kuskura, tsohuwa mai jiri za ka kai ta ga abin da zai tsinka mata zuciya? Na ce mata ke kin san surukarki, ni na san uwata.

Da aka tashi daga abincin rana, bayan ta sake ture gasasshen kifin da na ajiye mata, sai na ce ta zo ta raka ni in ga kicin ɗinsu, ko zan koyi wani abu. Wannan kam ta yarda da sauri, kin san ta da son leƙa tukunyar mutane. Pak Sutikno ya bi da mu ta baya, daidai lokacin da ake turo kurar kwashe kaya. Muna tsaye suka fara juyewa cikin manyan robobi, shinkafa tire guda, kaza, taliya, kankana yankakkiya. Sai ga kifinta, da yankan lemun tsaminsa a kai, ko yatsa bai taɓa shi ba. Yaron da ke juyewa ya karkata farantin, kifin ya sulale ya faɗa. Amak ta damƙe hannuna da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta tambayi Pak Sutikno ko ba za a mayar wa wani ba, tunda ita ba ta taɓa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a'a Hajiya, wanda aka bari nan yake ƙarewa, kullum. Ta saki hannuna ta juya. Muka koma ɗaki, ni kuma ina ta addu'a a zuci kada maganar Yusnidar ta tabbata.

Bayan la'asar suna fitar da abin taɓawa da shayi. Ina zaune sai na ga Amak ta yafa mayafi ta nufi zaure ba ta kira kowa ba. Na bi ta daga nesa. Ta ɗauki faranti da hannunta, ta zuba soyayyar ayaba da ƙwai da 'yar kaza, ta zauna, ta yi bismillah, ta cinye tas, ta suɗe yatsu. Ban ƙarasa wurinta ba, Uni, na tsaya bayan wani ginshiƙi, don bai kamata ma'aikata su ga mutum kamata yana share ido ba.

Daga ranar hutunmu ya canza shugaba. Lokacin abinci yana yi za ta tsaya bakin tafki ta tafa hannu, ta ce ku fito, 'ya'yan kifi, ana can za a zubar da arziki kuna nan kuna wasa da ruwa. Yusnidar ta fito daga tsakiyar tsallenta tana ɗiga. Maharani an ƙwace wayarta sai ta gama faranti. Wanda ya ɗebo abin da ya fi cikinsa kuma ya shiga uku, sai ya zauna ya gama ko da zai kai magariba. Afdal, wanda ta saba kira rumbu marar ƙofa, ya zama ɗan gaban goshi. Ta ce duk zuri'ar nan shi kaɗai ne mai tsoron Allah. Shi kuma ya riƙa dubana yana cewa Uda, ka ji dai da kunnenka, a rubuta a ajiye. Ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Sin daga Medan, su biyun su tsaya kusa da tukwane suna yi wa baƙi nuni da hannu su ƙara. Wani dogon Bature ya ɗauka Amak ma'aikaciya ce, ya riƙa miƙa mata faranti yana godiya. Ita kanta tana ci sau uku, har da ƙari, tana ci tana mita wai gishiri bai ji ba. Kafin mu taho ta taka yashin nan da ƙafarta har inda duwatsu suke ta dawo, ba wanda ya riƙe ta.

A jirgin ruwa muna dawowa ta juyo ta kafe ni da ido, ta ce kai Zal, gidajen abincin nan naka, in an tashi, ina ragowar take zuwa? Na ce Amak, ai ni ɗanki ne, ba na zubar da abinci. Ta ce za ta gani da idonta, kada in saya mata tikitin komawa ƙauye tukuna. Ni da na sha roƙonta ta zo ta zauna da mu tana cewa ba za ta bar gidan kakanninta ba, yau ga ta da kanta, ba don roƙona ba, sai don ta bincike ni. Ban ji tsoro ba, don na san tsarina. Duk da haka ta samo abin da za ta kama. Ƙanzon shinkafa ne, wanda yarana ke kankarewa daga gindin tukunya su watsar. Ta tara yaran ta wanke su tas da faɗa, ni ma da na shigo ta haɗa da ni, a gaban ma'aikatana. Yanzu ita ce mai kula da ƙofar baya a gidan da ke kusa da tasha. Ta sa an kawo mata kujera da faifai, tana shanya ƙanzo tana soyawa, masu saye har sun fara tambayarsa. Abin da ya rage a tukwane ita ke rabawa, na ma'aikata daban, na masu dakon tasha daban, kuma tare da su take zama ta ci, don ta ce in ba ta sa ido ba sai su bar rabi. Na kai ta wurin likita a makon jiya, ya ce ta ƙara jini, nauyinta ya ƙaru, ya rage mata magani.

To Uni, ga yadda abin yake. Gidan Payakumbuh yana hannun Etek Nurbaiti, tana sharewa tana buɗe tagogi, ba abin da zai same shi, naki ne yana jiranki. Shawarata ita ce ki sabunta aikinki, ki bar Rahmi ta gama, ku zo mana da babbar salla gaba ɗaya. Da na gaya wa Amak kina shirin ajiye aiki saboda ita, sai da ta ajiye ludayi. Ta ce in rubuta miki da manyan baƙi cewa kada ki soma, marasa lafiyarki suna can suna buƙatarki, ita kuwa ba ta da lokacin da za ta kwanta a yi jinyarta, akwai sauran gidajen abinci biyu da ba ta duba bayansu ba.

Ki gaishe mini da Uda Syafrudin da kyau, ki ce masa rendang ɗin da ke tare da wannan takarda na hannun Amak ne, ba nawa ba, don haka kada ya raba wa abokan aiki. Ki gaishe da Rahmi, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Yusnidar tana gaishe ki, Maharani da Zahwa da Zikra suna sumbatar hannunki, Afdal ma ya ce a saka sunansa. Etek Nurbaiti ta aiko da tata gaisuwar daga ƙauye. Allah ya jiƙan Abak, ya ƙara wa Amak lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalamu alaikum.

Ƙanenki da ba ya faɗa miki sai abin da ya gani,
Erizal